Tsugune ba ta ƙare ba: shekara uku ina wankin ciki

Ni tela ne. Shekara 19 ke nan ina kan keken ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san ciwonmu biyu ne, baya da ciki. Na bayan daga sunkuyo yake, na cikin daga zama. Sai ka zauna tun hantsi har la'asar ba abin da ke tashinka sai salla, ruwa ma ka ƙi sha don kada fitsari ya katse ka kana tsakiyar wuyan riga. Abinci kuwa duk wanda ya biyo ta bakin shago shi ne naka: masa da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, in dare ya yi aiki bai ƙare ba a tura yaro wajen mai shayi ya karɓo Indomie da ƙwai da rabin burodi. Goro kuma ba ya barin kumatuna.

A 2019 cikina ya fara yi mini gardama. Sai in kwana uku ban zaga ba, in na shiga kewaye kuma in yi ta nishi kamar mai ɗaga buhun masara, ƙarshe abin da zai fito bai fi kashin awaki ba. Ciki a kumbure, gyatsa mai tsami, ga wani raɗaɗi a ƙahon zuciya da yake tashina wajen ƙarfe biyun dare. Ban je asibiti ba. A lissafina na lokacin, asibiti na wanda ya kasa tashi ne, ni kuwa ina taka keke.

Akwai wata mota mai lasifika a ka da ke tsayawa a bakin kasuwa bayan la'asar. Mai maganin Allah Ya ba shi baki. Zai jero cututtuka kamar mai kiran sunayen 'yan aji: dattin ciki, maiƙo, basir, shawara, sanyi, kasala, da wasu da ba zan maimaita ba don na san akwai iyayenmu mata cikin masu karatu. Na sha jin sa ina dariya. Ranar da ya kama ni cewa ya yi, "Kai mai babur, duk wata kana juyen baƙin mai. To kai fa, tun da aka haife ka sau nawa ka yi wa cikinka juye?" Na ajiye almakashi. Maganar ta zauna mini daram, domin ni ma duk mako sai na buɗe kan keke na share ƙurar zare na ɗiga masa mai. Na tura yaro da naira 500, ya dawo da robar lemo cike da wani ruwa mai duhu, ba suna, ba lambar NAFDAC, sai 'yar takarda da aka liƙa an rubuta rabin kofin shayi kafin a kwanta.

Ɗacinsa har ƙeya. Kafin kiran assalatu cikina ya fara murɗawa, na zaga sau biyar kafin rana ta fito. In faɗi gaskiya, da na fito shago ranar ji na yi sakayau kamar an sauke mini kaya. Cikin ya lafe, har na ci masa goma sha biyu. Na ce lallai mutumin nan ya san aikinsa. Da bakina na tallata shi ga teloli huɗu a layinmu, wannan kam har yau yana ci mini rai.

Abin da ban gane ba, in aka share hanji tas, dole ya ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya sake tara abin da zai fitar. Ni kuwa da na ga kwana uku shiru sai in ce ai dattin ya dawo. Daga wata-wata na koma kowane daren Juma'a, tunda da safiyar Juma'a ba a cika aiki ba. Daga nan sau biyu a mako, rabin kofi ya zama kofi. An sayar da kare an sayi biri. Da ina tsugunawa ba abin da ke fita, yanzu ina tsugunawa ba abin da ke tsayawa.

Tef ba ya ƙarya. Ƙuguna inci 36 ne tun lokacin aurena, sai ga shi ya dawo 32, ni da kaina na rage wa wandunana. In mai kawo ɗinki ya ce, "Malam tela, ka rame fa," sai in ce maiƙo ne ya fita. Maiɗakina ce kaɗai ba ta karɓi wannan amsar ba. Wata rana tana wanke kofin ta ce, "Baban yara, wannan dattin da aka shekara biyu ana kwashewa bai ƙare ba, a cikinka yake ko a bolar unguwa?" Na ce mata ba ta san harkar magani ba. Ta ce Allah Ya ba da lafiya, ta kife kofin.

Akwai kuma abubuwa biyu da ban taɓa sa su cikin lissafi ba. Ƙwayar ciwon baya da nake saye a kemis, daikulofenak, wani lokaci ibufurofen, biyu da safe biyu da dare, galibi ciki ba komai. Sai jar kanwa. In ƙwarnafi ya taso in jiƙa gutsure a kofi in shanye, in yi gyatsa mai ƙarfi, zafin ya kwanta na awa ɗaya ko biyu.

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Wanda ya san Bauchi a wannan watan ya san ko a inuwa kake zufa kake yi. Na karɓi ɗinkin salla fiye da ƙarfina kamar kowace shekara, shadda jibge har saman kabad. Muna ɗinki daga bayan asham har sahur. Ƙwayar baya na mayar da ita lokacin buɗa baki da sahur, jiƙon kuma ban fasa ba, sai ma na ce ai azumi lokacin tsabtace jiki ne.

Wajen azumi na 17 bayan gidana ya sauya. Ya koma baƙi wuluk kamar kwalta, yana danƙo, ga wani wari na daban da buta ɗaya ba ta kore shi. Wallahi murna na yi. Mai motar ya sha faɗa cewa in ka ga baƙi ya fita, to dattin shekara da shekaru ne ya ɓamɓaro daga jikin hanji. Na ce alhamdulillahi, sai yanzu aka taɓo tushen. Kwana biyar ina ganinsa ina ƙara kofi. In na ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe ni, zuciyata na bugawa kamar na yi tsere, cikin dare jijiyoyin ƙafata su ɗaure sai na yi ta matsawa. Duk na ɗora wa azumi da rashin barci.

A daren 22 ina sa wa wata riga aljihu, na miƙe in ɗauko zare. Iyakar abin da na sani ke nan. Yaran shago suka ce zubewa na yi tsakanin keke da teburin guga, saura ƙiris dutsen guga na gawayi ya faɗo mini a fuska. Su suka sa ni a Keke Napep zuwa asibiti, ɗayansu ya kira ƙanena da ke aikin gwajin jini.

Likitar da ta karɓe ni matashiya ce, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannuna, sannan ta ce, "Malam, bayan gidanka wane launi ne kwanakin nan?" Kunya ta rufe ni, ga ƙanena tsaye, ga yarana. Na ce baƙi ne. Ta tambaya ko ina shan ƙwayar ƙarin jini, domin ita ma tana baƙanta shi. Na ce a'a, dattin ciki ne ke fita, ina shan maganinsa. Ta ɗan yi shiru. Ta ce, "Malam, jininka ne kake zubarwa."

Ban taɓa sanin jini na fita baƙi ba. Ta yi mini bayani: in gyambo ya fashe can sama a tumbi, jinin ba ya fitowa ja, sai ya bi doguwar hanyar hanji, ruwan da ke narkar da abinci ya dafa shi, ya iso ƙasa baƙi mai danƙo. Kwana biyar ke nan ina kallon jinina a masai ina yi wa Allah godiya. Leda biyu aka ƙara mini, ɗaya ƙanena ya bayar, ɗaya babban yaron shagona. Aka jona ƙarin ruwa, domin gwaji ya nuna zawon da nake jawo wa kaina ya zubar da sinadarin fotasiyam, wanda in ya yi ƙasa jijiyoyi ke ɗaurewa, bugun zuciya ma ya rikice. Daga baya aka zura mini 'yar igiya mai kyamara ta baki, aka ga gyambon a daidai inda tumbi ke haɗuwa da ƙaramin hanji. Gwaji kuma ya nuna ina ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Helikobakta.

Ƙanena ne ya ba ni labarinta da dare, muna zaune ruwa na ɗiga. Ya ce, "Yaya, kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, akasari tun suna yara, yawancinsu ba ta taɓa damunsu." Da can likitoci ma cewa suke yaji da damuwa ke kawo olsa. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar, aka ƙi yarda da su. A 1984 shi Marshall ɗin ya kaɗa ta a kofi ya shanye don ya nuna tana sa ciwo, ya kuwa kwanta. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Na ce ashe ina da ɗan'uwa a shan abin da bai kamata ba, sai dai shi ya san abin da ke cikin kofinsa. Dariyar da na fara yi ke nan, har ciki ya amsa.

Abu ɗaya da nake yaba wa likitar nan, ba ta yi mini tsawa a kan robar ba. Mutanenmu da yawa suna ɓoye wa likita cewa sun sha jiƙo don gudun a ci musu fuska, ni ma da ta ɗaga murya da ƙarya zan yi. Ta ma yi wa robar adalci. Ta ce a ganinta ƙwayar cutar da ƙwayoyin ciwon baya ne suka haɗu suka huda ni, domin irin su daikulofenak suna raunana majinar da ke kare bangon tumbi. Laifin jiƙon shi ne ya tsotse ruwan jikina ina azumi, ya kuma rufe mini ido shekara uku, duk alamar da jiki ya ba ni sai in fassara ta da datti. Kanwa kuma tana kashe tsamin ciki na ɗan lokaci, amma gyambon na nan, ga ta da sinadarin gishiri mai yawa, wanda mai hawan jini ba ya buƙata. Na tambaye ta to shi dattin fa, wa zai fitar? Ta ce hanta da ƙoda ba sa zuwa hutu. Ƙoda biyun nan suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini kowace rana, su mayar da kusan duka, su zubar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a fitsari. Lita 180, kusan duro guda. Ni kuma na zo da kofin shayi wai zan taya su.

Rana ta uku Goggo ta iso daga ƙauyenmu ta wajen Darazo, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Maiɗakina ta nuna mata ragowar robar. Goggo ta buɗe ta shinshina, ta ɗiga a bayan hannu ta lasa, ta tofar. Ta ce, "Filasko ne, da sassaƙen maɗaci, da kanwa. Sauran kuma wanda ya dafa ne ya sani." Ta dube ni. "Ɗan nan, sau nawa kake sha?" Na ce sau biyu. Ta ce a shekara? Na sunkuyar da kai.

Ai na san filasko a hannunta. Muna yara takan ba mu, amma sau ɗaya a shekara, in ya yi yawa biyu, bayan an gama cin sabon hatsi da gyaɗa ciki ya cushe. Busasshen ganyen take ɗiba da yatsa uku, na babba ke nan, ta zuba a ruwan tsamiya mai ɗumi. Mai ciki ba ta sha, yaro ƙarami ba ya sha, wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba ba ya sha, kuma ban taɓa ganin ta ba wa mai azumi ba. Ranar da ka sha ba gona ba kiwo, kana gida ana bin ka da kunu da ruwa. Duk wannan na sani, na gani da idona, amma lasifika ta fi muryar Goggo ƙarfi. Ta ce, "Magani baƙo ne, in ya gama abin da ya kawo shi sai a raka shi. Kai ka ba shi ɗaki."

Da na faɗa wa likita sunan ganyen, ta ce ta san shi. Filasko da sanamakin da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci 'yan gida ɗaya ne, kuma daga danginsu ake yin wata ƙwayar sassauta ciki da su kansu suke rubutawa. Yana tsikarar babban hanji ne ya matse ya turo abin da ke ciki tare da ruwa, shi ya sa in ka sha da dare sai wajen asuba yake tashi, bayan awa takwas zuwa goma sha biyu. Ka'idarsu kada a wuce mako ɗaya ana sha sai da izinin likita. Na lura ita da Goggo ba su taɓa zama aji ɗaya ba, amma a kan ƙima bakinsu ɗaya.

Na sha magungunan kashe ƙwayar cutar kwana 14, iri biyu, haɗe da na rage tsamin ciki wanda shi na ci gaba da sha bayan nan. Bakina ya yi ta ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe, amma ban tsallake ko ɗaya ba, domin an ja mini kunne cewa in aka yanke a tsakiya ƙwayar na iya dawowa ta ƙi jin magani. Bayan an gama da fiye da wata ɗaya aka sake gwaji, babu ita. Sallar wannan shekarar a kwance na yi ta, mutum goma sha ɗaya ba su sami kayansu ba, biyu har yau ba sa gaishe ni.

Taurin cikin da ya fara kai ni ga motar kuwa, a tukunyar gidana aka warware shi. Goggo ta zauna da mu wata guda ta karɓe madafi. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa ya maye gurbin Indomie. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, wake, faten acca da ganye, gwanda in ta samu. Ƙanena ya ce dusar hatsi da zaren ganye ne ke riƙe ruwa a hanji su tausasa bayan gida, abin da burodi da farar shinkafa ba su da shi sosai. Kunun tsamiya sai da gyambon ya warke na koma masa, shi ma yana sassauta ciki a hankali ba tare da murɗa ba. In na ci abu ya tsaya mini ko tashin zuciya ya taso, citta nake dakawa kaɗan a ruwan zafi da kanumfari biyu. Na'a-na'a na gwada, yana sauke kumburi, amma ni yana tayar mini da ƙwarnafi, na bar wa maiɗakina. Ga jarkar ruwa ta lita biyu a gindin keke, ka'idata kafin magariba ta ƙare. Babur kuma na daina hawansa zuwa masallacin Juma'a, da ƙafa nake zuwa.

Ba na zagin masu maganin gargajiya, a hannun ɗaya daga cikinsu na tashi. Akwai wata tsohuwa 'yar mai ganye da nake sayen citta da tsamiya a wajenta, in ka ce mata cikinka na ciwo sai ta tambaye ka tun yaushe, in ya daɗe ta ce je a duba ka tukuna. Wanda nake tsoro shi ne mai roba ɗaya cuta ashirin. Ko wanda ke da lambar NAFDAC ma, in ka karanta ƙananan rubutun jikinsa za ka ga an ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Cikin teloli huɗun da na tallata wa, uku sun bari da suka gan ni a gadon asibiti. Na huɗun har yanzu yana sha, ya ce nawa ne ya zo da ƙarar kwana. Na dai roƙe shi abu biyu: in ya ga baƙin bayan gida ko ya yi aman jini kada ya kwana a gida, in zawo ya yi yawa kuma a haɗa masa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Ya ce ya ji.

Bayana dai bai daina ciwo ba. Likita ta ce in ya matsa in sha farasitamol, kada in sake taɓa su daikulofenak sai da saninta. Kafinta ya ƙara wa kujerata tsawo ya sa mata majingina. Ƙuguna ya dawo 35. Yanzu daga goma ga azumi ba na karɓar ɗinkin salla, ko na wane ne. Bara wani Alhaji ya zo da shadda kala uku ranar sha biyu, ya ce zai ninka kuɗin. Na nuna masa shagon da ke gaba da nawa. Yana fita motar nan ta tsaya a bakin kasuwa, mai maganin ya gyara lasifika ya fara da dattin ciki. Ƙaramin yarona, wanda bai daɗe da zuwa koyon aiki ba, ya ɗaga kai yana saurare. Babban yaron, wanda jininsa ke jikina, ya miƙa masa riga ya ce, "Kai, sa maɓalli."